Leƙen Tsaunukan Ƙanƙara Daga Cikin Waya

Maƙalar wannan mako ta faɗo kanmu, mun kuma zaɓi mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta kama wasu daga cikinmu tun hunturun bara, wato kallon tsaunukan Turai kai-tsaye ta waya. A wuraren da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara akwai kyamarori da aka kakkafa a kan duwatsu, suna aiko da hoto dare da rana, kuma duk mai data yana iya buɗewa ya kalla kyauta.

Ba don mu aka kafa su ba. An kafa su ne don mutumin da ke zaune a Zurich ko Milan ko Lyon, wanda ya tara kuɗinsa yana son ya je dutse a ƙarshen mako. Wasan nan yana cin kuɗi: ga kuɗin jirgin ƙasa ko man mota, ga masauki, ga hayar takalma da katakan zamiya, ga tikitin hawa. A manyan wurare na Amurka irin su Vail, tikitin yini ɗaya tak yakan haura dala 200 idan a bakin ƙofa za ka saya. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi ba ya son ya isa ya tarar da taɓo. Masu hasashen yanayi za su faɗi nasu, masu wurin za su saka hoton da suka ɗauka ranar da ta fi kowace rana kyau, shi kuwa sai ya buɗe kyamara ya duba da idonsa kafin ya ɗaure jaka. Gani ya kori ji.

Abin dariya, asalin irin wannan kyamara ma daga ƙyuya ya samo. A 1991 wasu masana kwamfuta a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka gaji da yin tattaki zuwa ɗakin da tukunyar kofi take su tarar babu komai a ciki, sai suka saita mata kyamara. A 1993 hoton ya hau intanet, mutanen duniya suka yi ta kallon tukunya har zuwa 2001 da aka kashe ta. Dalilin bai sauya ba har yau: kada mutum ya yi tafiyar banza.

Wurin da muka fi leƙawa shi ne Zermatt a ƙasar Suwizalan, ƙauyen da ke gindin dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Akwai abin da ya sa ya fi mana daɗi. A lokacin hunturu agogonsu da namu ɗaya ne, babu lissafin ƙara awa ko ragewa. Idan muka idar da sallar asuba muka buɗe, can duhu ne ƙirin, sai fitilun ƙauyen, wani lokaci kuma da fitilun manyan motocin da ke baje ƙanƙara suna hawa suna sauka a jikin dutse kamar ƙwari masu wuta. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kuma ba ƙauyen take fara samu ba. Ƙololuwar dutsen ce ke fara yin ja kamar an ɗora mata garwashi, jan ya riƙa gangarowa a hankali, mutanen ƙasa suna cikin inuwa har hantsi.

Da farko kyau kawai muke kallo. Daga baya muka fahimci cewa masu wasan karanta hoton suke yi, kuma ba sa tsayawa a kan kyamara ɗaya. Ƙauyen Zermatt yana wajen mita 1,600 ne daga doron teku. Gornergrat, inda jirgin ƙasa ke hawa tun 1898, yana mita 3,089. Tashar Klein Matterhorn, wadda ake isa cikin akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe, tana mita 3,883. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, ma'aunin zafi yakan sauka da wajen digiri shida da rabi. Saboda haka za ka iya ganin ruwan sama yana dukan rufin gidaje a kyamarar ƙauye, ka matsa zuwa ta sama ka ga dusar ƙanƙara tana zuba, duk a minti ɗaya. Wata rana kuma lamarin ya juye: iska mai sanyi ta kwanta a kwari, hazo ya rufe gari ruf, amma kyamarar sama ta nuna rana tangararan, gajimare ya shimfiɗu a ƙarƙashinta kamar tafki. Mutumin da ya leƙa taga ya ce yau ba fita, da ya duba kyamara zai ɗauki kayansa ya hau.

Amurkawa sun ƙara wata dabara. Suna kafa faifai da sanda mai zanen inci, su saita masa kyamara, a share faifan sau ɗaya a yini. Abin da ya taru a kai shi ne abin da ya sauka, kowa yana gani, babu damar a ƙara gishiri.

Sai dai kada a ɗauka kyamarar ta gama magana. Masu wurin ne suka saye ta, su ne kuma suka zaɓi inda za ta fuskanta, kuma ba mu taɓa ganin mai shago ya haska gefen da kaya suka lalace ba. Hoton yakan daskare, ka yi ta yaba sararin samaniya alhali na shekaranjiya ne, shi ya sa abin da ake fara dubawa shi ne kwanan wata da lokacin da ke kusurwar hoton. Iska ba ta fitowa a hoto sai dai alamarta: tuta ta miƙe, ko farin ƙura yana tashi daga ƙololuwa, ko akwatunan igiya sun tsaya cak da rana tsaka. Hoto ba ya gaya maka ko abin da ke ƙasa laushi ne da shi kamar gari ko ya ƙandare kamar gilashi. Mafi muni, ba ya nuna inda ƙanƙara ke shirin zaftarewa ta binne mutane. Wannan aikin wata sanarwa ce daban da hukumomi ke fitarwa, da ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma a Suwizalan cibiyar da ke Davos ce ke fitar da ita. Ranar da hoto ya fi kyau, rana ta fito bayan an kwana ana zuba, tana iya zama ranar da ta fi kowace haɗari ga wanda ya bar hanyar da aka shata.

Duk da haka, akwai gaskiyar da kyamarorin nan suka tona wadda babu mai talla da zai so a gani. A ƙarshen Yulin 2022 Zermatt, wadda ke alfahari da cewa ana zamiya a samanta duk shekara, ta dakatar da wasan lokacin zafi saboda ƙanƙarar ta narke. A ranar 1 ga Janairun 2023, tsakiyar hunturu ke nan, garin Delémont na Suwizalan ya ga zafin da ya haura digiri 20. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi gasar duniya a Adelboden a kan ƙanƙarar inji, gefe da gefe kuwa ciyawa ce. Injin nan ruwa yake fesawa da iska mai ƙarfi ya daskare kafin ya sauka, kuma shi ma ba ya aiki sai da sanyi. A wuraren da ba su da tsayi sosai, hoton da ake yawan gani a farkon hunturu yanzu shi ne farin zare guda ɗaya ya sauko daga dutse mai ruwan ƙasa, kamar an warware rawani a kan tudu. Mu da muka taso muna ganin iyayenmu suna ɗaga kai gabas idan damina ta yi jinkiri, ba ma buƙatar a yi mana bayanin halin da mai otal ko mai koyar da zamiya yake ciki idan ya buɗe wannan hoto da safe.

Yanzu ga inda zancen ya shafi zauren nan. Labaran da ake turowa cike suke da tafiye-tafiye: an ɗaura aure, ango ya ɗauki amarya sai Turai, ƙanƙara tana zuba kamar auduga, su biyu suna tsaye a waje suna hira ta shafi uku, ita da leshi da mayafi. A ganinmu mai karatu ya cancanci fiye da haka, kuma ga hanyar bincike mai araha a hannunmu. Mako ɗaya na kallo zai nuna wa marubuci abubuwan da ba ya samu a fim. Ƙanƙarar da ta sauka a titi ba ta daɗewa da farinta, kafin azahar ta zama ruwan ƙasa-ƙasa mai caɓi. Masu takalman zamiya ba sa tafiya da yanga, ɗingishi suke yi kamar an ɗaure musu tubali. Idan ana zuba sosai, sama da ƙasa sukan haɗe su zama fari ɗaya, ba ka bambance inda dutse ya ƙare. A Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma an kunna fitilu, wato amaryar nan da aka ce ta fito shan iska bayan magariba ta daɗe a cikin dare. Kuma ba duk Turai ce ke farin ba: Landan tana iya shafe hunturu guda ba ta ga abin kirki ba.

Ga mai son gwadawa, shafin kowane wuri yana da sashen kyamarori, manhajar Windy ma tana jera su a kan taswira, akwai kuma masu gudana kai-tsaye a YouTube. Na bidiyo suna zuƙe data kamar rijiya, gara a nemi masu sabunta hoto bayan 'yan mintoci. Idan ƙanƙarar Alps ta janye wajen Afrilu, ba a rasa abin kallo, domin daga Yuni hunturu yake komawa kudancin duniya, irin su Chile da New Zealand. A nan Afirka ma, a tsaunukan Lesotho akwai wurin zamiya mai suna Afriski, wanda ke aiki daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da muke fama da noman farko da maimai.