Kafaffen Shafi da Tarihin Gyara: Yadda Nake Adana Aikin Ajami a Intanet

Duk wanda ya taɓa juyar da waƙar ajami zuwa boko ya san aikin ba ya ƙarewa ranar da aka buga shi. Marubuta da dama harafin ba guda suke amfani da shi wajen rubuta b da ɓ, saboda haka kalmar da aka karanta "bari" bana, sai wani kwafi ya ɓullo baɗi ya nuna "ɓari" ce. A littafi, irin wannan gyara sai ya jira bugu na biyu. A intanet kuwa nan take ake yin sa, kuma a nan haɗarin yake: manazarcin da ya kafa hujja da tsohon karatun zai dawo ya tarar an sauya, babu wata shaidar cewa ya taɓa wanzuwa.

Wannan ne ya sa, tun lokacin da nake aikin digiri na biyu, na zaɓi in ajiye waƙoƙin da na juya a kafaffen shafi. Abin nufi shi ne shafin da ba shi da rumbun bayanai a bayansa, fayilolin rubutu ne kawai da uwar garke ke miƙa wa mai karatu kamar yadda aka ajiye su. Babu manhajar da za ta tsufa ta rushe, kuma yana buɗewa ko da layin intanet ya yi rauni.

Fayilolin suna ƙarƙashin kulawar Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux. Duk gyaran da na tabbatar, Git na ajiye shi tare da sunana da kwanan wata da taƙaitaccen bayanin dalili, sannan ya ba shi lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40. Mai bincike na iya ambaton wannan lamba a maƙalarsa, ya zamanto ko bayan shekara goma za a iya fito da matanin daidai yadda ya gan shi. Magabata masu kwafar littattafai sukan rufe aikinsu da "tammat", wani lokaci su ƙara da sunansu da ranar gamawa, amma ba safai suke faɗin abin da suka sauya daga kwafin da ke gabansu ba. Wannan gurbin ne Git ya cike mini.

Layi-layi Git yake kwatanta rubutu, abin da ya yi wa waƙa daidai, domin kowane ɗango a layinsa yake. Idan na sauya kalma a ɗango na uku na baiti na ashirin, shi kaɗai zai fito a matsayin abin da ya canja. Zube ne ke ba da wahala. Sai da na ɗabi'antu da rubuta kowace jimla a layi daban.

Inda abin ya gaza shi ne hotuna. Ina ɗora shafin a GitHub Pages, wanda kyauta ne, amma GitHub ba ya karɓar fayil guda da ya haura megabait 100, kuma an ƙayyade girman shafin a gigabait 1. Hotunan takardun asali, waɗanda su ne hujjar kowane karatu, dole na rage girmansu, manyan kuma na adana su a wani wuri daban.

Wani malamina ya taɓa tambayata makomar aikin idan kamfanin, wanda Microsoft ya saya a 2018, ya rufe wannan hidima. Amsar da na ba shi ita ce, duk wanda ya kwafi ma'ajiyar ya ɗauke ta ne da tarihinta cif. Yanzu haka akwai cikakken kwafi a kwamfutata, wani a tasa, na uku kuma a hannun wata abokiyar karatuna da ke duba mini ƙa'idojin rubutu.