Garin Neman Gira A Rasa Ido

Yau ba zancen girki ko na ɗinki na zo muku da shi ba. Zancen wani hoto ne, da abin da ya same ni garin gyaransa. Na ga yanzu da wuya a sami gidan da babu wayar hannu, 'yan mata kuwa sun iya share ƙuraje daga fuska da ɗan yatsa. Saboda haka na ce bari in ba ku labarina, ko wata ta ƙaru.

Hoton na ƙanena ne, autanmu. An ɗauke shi ran Babbar Salla ta 2009, sa'ad da mu ke zaune a 'Yargalma, cikin ƙasar Bukkuyum. Wani mai hoto ne ya biyo gida gida. Inna ta zauna jikin bangon ɗaki, ta ɗora yaron a cinya. Shekararsa biyu a lokacin, ni kuwa ina da tara. Ba mu da wani hoto nasa duk duniya sai wannan.

Manyanku sun san abin da ya biyo baya. Zinariya ta yi tsada, maza suka duƙufa haƙar duwatsu, ana kawowa gida ana dakawa ana niƙawa. Ashe duwatsun nan cike su ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suna wasa a kai, suna kai hannu baka. Sai amai, sai ciwon ciki, sai jijjiga. Da fari an zaci zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara, aka auna jini, aka tarar gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Autanmu yana cikinsu. Allah ya sa masu ceto ne.

Tun daga nan Inna ta naɗe hoton a tsumma, ta sa a ƙasan adaka. Da daminar bara rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya shiga adakar, ba wanda ya sani sai da kaka. Da na zo hutu ta miƙo mini shi ba ta ce komai ba. Na duba, na ga ɗigo-ɗigo na fumfuna ko'ina, ga kuma wani babban tabo ya cinye idon yaron na hagu da rabin kuncinsa. Na ce, "Inna, kada ki damu, wannan aikin minti biyar ne." Kun ji karambani.

Na ɗauki hoton hoton da wayata, na buɗe Snapseed, na zaɓi abin nan da a ke share tabo da shi. Na fara da bango. Duk ɗigon da na taɓa sai ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. Na yi murna ƙwarai. To, amma bari in gaya muku yadda abin ya ke aiki, domin a nan asirin ya ke. Kun san yadda a ke yi wa bango faci? Mai yaɓe ya kan nemi ƙasa irin ta bangon, ya cike ramin, ya shafe bakin da hannu har ya saje. Haka wannan ya ke yi. Ya kan ɗebo daga wurin da ke kusa da tabon, ya rufe tabon da shi, sa'an nan ya daidaita haske da launi don kada a ga gaɓa. Watau ba ya tono abin da ke ƙarƙashin tabo. Aro ya ke yi daga maƙwabta.

Masu Photoshop, wanda ya fito a 1990, su ne suka sa irin wannan burushi a cikinsa a 2002, suka ba shi suna mai ma'anar warkarwa. A 2005 suka ƙara wanda ke zaɓen wurin aro da kansa. Sunan ne ya ke ruɗin mutane. Warkewa ita ce fata ta koma yadda ta ke. Wannan kuwa lulluɓi ne.

Da na bar bango na gangaro kan mutane, sai wahala ta fara. Wurin da baƙin gashin yaron ya haɗu da farin bango akwai ɗigo ɗaya. Da na taɓa shi sai baƙi da fari suka cakuɗe, wurin ya yi kamar an shafa toka da jiƙaƙƙen hannu. Na koma kan zanen Inna, atamfa ce mai ganye. Can ma ya ɗebo rabin ganye ya manna a inda bai kamata ba, zanen ya karye. Duk macen da ta taɓa yin faci da ƙyalle mai zane ta san wannan: in layi bai haɗu da layi ba, ko daga nesa a kan gane.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne fuskar Inna. Akwai fumfuna a kuncinta, na bi ina gogewa da sauri. Da na ɗaga yatsa sai na ga tsagarta ta gado ta tafi tare da fumfunar. Fuska ta yi sumul, amma ta zama ta wata mace dabam. Abin ba shi da hankalin da zai bambanta datti da tsaga, ko ƙurji da tawadar Allah. Duk abin da ya saɓa wa kewayensa, a wurinsa tabo ne. Allah ya taimake ni akwai wurin komawa baya, na mayar mata da tsagarta.

Saura ido. Na taɓa babban tabon, sai ya ɗebo fatar goshi ya rufe wurin, yaro ya zama ba ido sam. Na yi maza na kife wayar don kada Inna ta gani. Dalili a fili ya ke. Ba inda zai aro idon hagu, tun da ido ɗaya ya rage a hoton, shi kuwa na dama ne.

Ban haƙura ba. Da na shiga Gusau na kai wa wani mai shagon hoto. Ya ce akwai sabuwar dabara da aka sa a Photoshop a 2023, wadda ba aro ta ke yi ba, zanawa ta ke yi da kanta. An nuna wa kwamfuta hotuna masu ɗimbin yawa har ta koyi yadda ido ya kan kasance. Kafin in gyara zama ya gama. Ga yaro kyakkyawa, ido biyu tas. Na biya, aka wanke, na kawo gida ina ɗoki.

Inna ta karɓa ta matsa bakin ƙofa wurin haske. Ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta miƙo mini, ta ce, "Ɗiyata, ɗan wa kika kawo mini? Wanga yaro kyakkyawa ne, Allah ya raya wa uwarsa shi. Nawa idonsa na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta, in ya yi dariya rufewa ya ke yi." Na rasa abin cewa. Ni na manta da wannan, kwamfuta kuwa ba ta taɓa saninsa ba. Idon 'ya'yan wasu ta haɗa ta ba mu. Inna ta ce in ba ta nata mai tabo.

A daren nan na tuna da masu aikin tsabtace ƙauyenmu a 2010. Da sun so sauƙi, da sun share tsakar gida sun yayyafa ruwa, ido ya ga fes. Ba su yi haka ba. Sai da suka kankare saman ƙasa gida gida, suka kwashe ta, suka binne a rami nesa da mutane, sa'an nan suka zubo sabuwa mai tsabta. Ƙauyuka bakwai aka yi wa haka tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai 2013. Likitoci ma sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma kan ƙasa mai guba. Kuma maganin yana fitar da dalma daga jiki, amma ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ya mayar da ita. Gyara yana da iyaka, a hoto da a jiki duka.

To, 'yan'uwa, ga abin da na koya. In kuna da tsohon hoto, ku ɗauke shi da waya tun yana da lafiya, a inuwa mai haske, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. In za ku aika ta WhatsApp, ku aika shi a matsayin takarda, domin in an aika a matsayin hoto ya kan rage masa kyau. Kada ku ajiye hotuna a ƙasan adaka inda laima ke kama su. In za ku yi gyara, ku yi a kan kwafi, ku bar na asali. Ku ƙara girman hoton, ku rage girman burushin, ku tsaya ga ƙananan ɗigo a wuri mai launi ɗaya. In kun zo ido ko baki ko tsaga, ku janye hannu. Ku kuma 'yan makaranta, hoton jarrabawa da na katin shaida kada ku taɓa su, domin fuskar da Allah ya ba ku ita za a duba ran nan.

Wadda kuma mijinta ke aikin zinariya, don Allah ta roƙe shi kada a kawo dutse gida. Ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Kada a daka dutse a turmin abinci, a riƙa wanke wa yara hannu kafin su ci. Rigakafi ya fi magani.

Daga baya na share ɗigon bango kaɗai, na bar sauran yadda ruwa ya bar shi, aka wanke aka sa a gilashi. Yana rataye a ɗakin Inna yanzu, ido ɗaya yana kallonmu, ɗayan kuwa yana wurinta. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, amin. Sai wani makon.