Littafin da Na Buɗe wa Maiɗakina

Ni akawu ne, aikina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ban taɓa zaton wata rana zan buɗe irin wannan littafi a cikin gidana ba, ba kuwa don kuɗi ba, don lafiyar maiɗakina.

Shekara shida da aurenmu ba ta sami ciki ba. Al'adarta takan yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, gashi ya tsiro mata a haɓa, ga ƙiba kullum sai ƙaruwa ta ke yi. Maƙwabta suka ce na iya kiwo. Tsohuwata kuwa ta ce in nemi wata. Ni kaina, ba na ɓoye muku, da na ga tana barci har hantsi, tana lulluɓa da bargo ana tsakiyar bazara, sai na ɗauka ragwanci ne, na kuwa faɗa mata haka.

Da muka je asibiti aka ɗebi jininta, aka duba mararta da na'ura, likita ya ce cuta biyu ce ta haɗu mata. Ta fari tana cikin wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura mu ke kira maƙoƙo. Aikinta fid da wani sinadari mai sa jiki ya ƙone abinci. In ta gaza, sai mutum ya zama kamar murhun da aka janye wa itace, ga jin sanyi, ga kasala, ga mantuwa. Ta biyu tana wajen mabuɓɓugar ƙwan haihuwa, watau ƙwai su taso ƙanana da yawa, amma da ƙyar ɗaya ke nuna ya fito. Waɗansu likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta cikin 1935. Mai ita sau da yawa jikinta ba ya sarrafa sukari sosai, don haka ƙiba ke saurin kama ta, ta kuma yi wuyar saki.

Aka ba ta magani iri biyu. Levothyroxine, 'yar ƙwaya ce ƙarama, ana sha da sassafe da ruwa zalla, a dakata rabin sa'a ko sa'a guda kāna a karya kumallo. Metformin kuwa sai da abinci, shi ma ya wahal da ita da murɗar ciki da zawo kafin jiki ya saba. Sai na ja layuka a littafi, na sa rana, da magani, da nauyi. Ran da muka fara, kilo 92 ta ke.

Bayan mako takwas aka sāke auna jini, babu wani canji. Likita ya yi ta tambaya, ashe da shayi mai madara ta ke haɗiye ƙwayar, tare da maganin ƙarin jini da wata ƙawarta ta ba ta. Ya ce waɗannan suna tare maganin a hanji, lalle a sa sa'a huɗu tsakaninsa da na ƙarin jini. Littafina ya nuna an sha, bai nuna yadda aka sha ba.

Babban kuskure kuwa nawa ne. Da ta sami sauƙi, wata ya yi nisa, aljihu ya yi sanyi, sai na bar sayen ƙwayar, ina cewa ai ta warke. Kafin wata biyu bargo ya komo. Ta dube ni ta ce, "Malam, in da kai ne ke kwance, da ka ranto." Ban sami abin cewa ba. Ashe wannan magani ba irin na zazzaɓi ba ne, cike gurbin abin da jiki ya kāsa yi ya ke, yawanci kuwa har iyakar rai.

Zancen abinci ya fi kome wuya, gama tukunya ɗaya ce a gidan. Ba a hana ta tuwo ba, an ce dai malmala ta ragu, miyar ganye da wake su ƙaru, a bar lemon kwalba da sukari a koko. Na ga ba daidai ba ne in zauna gabanta ina shan fura da sukari, sai na bi ta. Bayan la'asar mukan taka zuwa bakin kasuwa mu komo.

Likita ya ce ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta ta zubar, al'ada tana iya daidaita. Cikin wata goma ta sauko kilo 85, al'ada ta zo sau huɗu a jere. Ciki dai har yanzu shiru, tsohuwata ma ba ta bar zancenta ba. An gargaɗe mu, ran da ta ga ɓatan wata mu komo asibiti nan da nan, don mai ciki takan bukaci a ƙara mata yawan ƙwayar. Na rubuta wannan da jan alƙalami a shafin farko.