Goyo Daga Kumasi

Masu iya magana kan ce ɗa na kowa ne, to amma fa ba su tambayi ɗan ba. Wannan na gani da idona a shekarar 2018, lokacin da ni da maigidana muka tashi daga Sabon Ibadan zuwa Kumasi domin mu ɗauko riƙon ’yar ƙanensa.

Zumuncin gidan mijina da ƙasar Gana daɗaɗɗe ne, goro ne kuwa ya ƙulla shi. Fatauci ya kai kakansu Kumasi, ya zauna a zango, ya hayayyafa. Da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda a 1969, sai gida ya rabu biyu, wasu suka kwaso nasu-ya-nasu suka sauka Ibadan, wasu suka lafe a can. Wurin waɗanda suka lafen ne ƙanen maigidana ya tafi neman abin kansa, har ya auri wata Musulma ’yar Asante. Shi haɗarin mota ya yi ajalinsa, ita kuma ciwo ya ɗauke ta bayan wata bakwai. Suka bar yarinya ’yar shekara biyu da wata huɗu a hannun kakarta ta wajen uwa, tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a unguwar Aboabo, wadda ganinta ya fara raguwa. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya a ɗakin miji, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mai karatu ya ƙiyasta da wace irin zuciya na shiga mota.

Maganar manya ba ta zo da sauƙi ba, domin a al’adar Asante ɗa na dangin uwa ne, alhali mu a wurinmu na uba ne. Sai da aka yi zama uku, da limamin unguwa a tsakani, muka ɗauki alkawarin cewa riƙo ne za mu yi, yarinya za ta tashi da sunan mahaifinta kamar yadda Suratul Ahzab ta umarta, kuma za a riƙa kawo ta ganin dangi. Daga nan sai takardun hukuma. Gana ta shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe a 2016, saboda haka jami’ai ba sa wasa da fitar da yaro ko da a hannun baffansa ne. Mako uku muka yi muna kai da komo tsakanin ofishin jin daɗin jama’a da kotu. A lokacin na ƙosa ƙwarai, amma daga baya na gane da a ce an miƙo mini ita ranar farko, da kuka zan goyo har Ibadan.

Ranar da aka fara kawo ta gabana, na buɗe jaka na fito da riguna da ’yar tsana da takalma masu fitila, na miƙa hannu ina cewa, “Zo mana, Talatu.” Ta dube ni sheƙeƙe, ta koma bayan zanen kakarta, ta ce, “Daabi.” Wato a’a, da harshen Tuwi. Ita ce kalma ta farko da ta taɓa faɗa mini, kuma kwana shida ban ji wata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maigidana bai sha wannan wahala ba, domin muryarsa da tafiyarsa duk na marigayi ne. Tun rana ta biyu take hawa cinyarsa tana wasa da tasbaharsa, ni kuwa da na kusato sai ta sa ihu. Ba zan ɓoye ba, na yi kishi, na kuma shiga bayan gida na yi kuka, ina cewa ashe wadda Allah bai ba ta ba, ko an ba ta ma ba za ta samu ba.

Tsohuwa ce ta warware mini. Wata safiya tana tsame ƙosai ta ce, “’Yata, kin cika binta da ido. Yaro kamar kaza ne, in ka bi shi ya gudu, in ka zauna da tsaba ya zo da kansa. Kuma wa ya ce miki sunanta Talatu?” Na ce, “Ai Iya, ranar Talata aka haife ta.” Ta yi dariya ta ce uwarta ma don haka ta kira ta Abena, wanda shi ne sunan macen Talata a wurin Asante. Suna ɗaya ne a ma’ana, amma kunnen yarinya ɗaya kawai ya sani. Kunya ta kama ni, domin na zo raba marainiya da ɗaki da unguwa da kaka, ga shi kuma tun ba a je ko’ina ba ina neman raba ta da sunan da uwarta ta bar mata.

Daga ranar na mayar da ’yar tsana jaka. Da asuba nakan zauna gefen murhu in taya tsohuwa zuba wa masu saye koko, in ajiye ƙaramin ƙoƙo kusa da ƙafata ba tare da na dubi kowa ba. Rana ta uku sai na ji ƙoƙon ya motsa. Na koyi cewa “nsuo” ruwa ne, “bra” kuma zo. Hausarta ma ta zango ce, wadda ba ta bambanta namiji da mace, don haka in ta nuna hoton mahaifiyarta sai ta ce, “Mama ya tafi.” Da farko malantata ta motsa, na buɗe baki zan gyara, sai na ga babu abin gyarawa a wannan magana, na ce, “I, ya tafi.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini guntun ƙosan da ta ciza.

A daren da za mu taso, tsohuwa ta kira ni ɗaki ta ba ni wani tsohon zane da majanyi, ta ce da su uwarta take goya ta, kada in wanke sai mun isa. Da gari ya waye ta ɗora mini ita a baya tana barci, ta ɗaure da hannunta, ta juya ta shige ɗaki ba ta raka mu ko zaure ba.

Yarinya ta farka kafin mu kai Akara, ta waiga ba ta ga kaka ba, ta yi kukan da har fasinjoji suka fara yi mini kallon tuhuma. Baffanta ya karɓe ta, ta ƙi. Ban san abin yi ba, sai na lulluɓe mu da zanen nan ni da ita, ina bubbuga bayanta ina kiran Abena, Abena, har ta koma ajiyar zuciya. A kan iyakar Aflao wani jami’i ya duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aikinsa ya buƙata, sannan ya sunkuyo ya miƙa mata hannu yana mata magana da Tuwi. Ta ƙanƙame wuyana har sai da farcenta ya shige ni, ta ce masa, “Daabi.” Ya buga hatimi ya ba mu hanya.

Muka ratsa Lome da Kwatano, muka shigo ta Seme cikin dare, ba ta yarda na sauke ta ba ko da zan yi alwala. A Sabo mata suka taru ganin baƙuwa, kowa na cewa barka da zuwa Talatu, ita kuwa ta ɓoye fuska a kafaɗata. Surukata ta tambaye ni me za a riƙa kiranta, na ce Abena. Ta ce wannan ai ba sunanmu ba ne. Na ce, “Haka ne, Inna, amma shi take amsawa.” Zanen kuwa sai da ya yi wata biyu kafin ta bari na sa shi a ruwa.