Takardar Shaidar Hali

A zamanin iyayenmu, idan saurayi ya je neman aiki wurin wani attajiri a Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, tambaya biyu ake yi masa: ɗan gidan wane ne kai, kuma wa zai tsaya maka? In mai unguwa ko limamin masallacinsu ya ce ya san yaron tun yana makarantar allo, magana ta ƙare, gobe ya zo ya kama aiki. Yau kuwa garuruwa sun cika sun batse, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, sai hukuma ta maye gurbin mai unguwa. Masu ɗaukar ma'aikata da yawa, musamman na ƙasashen waje, ba sa sauraron mutum sai ya kawo takardar 'yan sanda mai nuna cewa kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba.

A Nijeriya, ofishin da ya shahara da wannan aiki shi ne na rajistar masu laifi da ke Alagbon, a unguwar Ikoyi ta Legas. Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ma ta tanadi rundunar 'yan sanda ta riƙe irin wannan rajista ta ƙasa baki ɗaya. Mai nema yakan ba da sunansa da hotonsa, ya biya kuɗi, a ɗauki zanen yatsunsa 10, sannan a gwada da na waɗanda ke cikin kundi. A 'yan shekarun nan ana fara cike takardun ta intanet, amma yatsun dai sai mai su ya kai su da kansa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun gaji tsarin Faransa, inda kotu ce ke ba da takardar da suke kira kaziye, kuma galibi ba a karɓar wadda ta haura wata 3.

Mu ma mun bi wannan layi lokacin da muke neman aikin koyarwa a wata ƙasa. Ko da yake mun san ba mu taɓa kwana a caji ofis ba, wallahi sai da gabanmu ya faɗi sa'ad da jami'in ya kama hannunmu yana juya yatsunmu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Malam, saki hannunka mana." A kan bencin da muke jira akwai wani direba da furfura ta fara fito masa, wanda ya sami alkawarin aikin tuƙa babbar mota. Da hira ta yi daɗi sai ya rage murya ya ce mana, "Malam, ina saurayi na yi faɗa a tasha, alƙali ya ɗaure ni wata 6. Yau shekara 20 ke nan, ko kaza ban sake taka wa wani ba. Kana ganin abin zai fito?" Muka ce masa Allah ya rufa asiri, don ba mu da wata amsa da ta wuce wannan.

Da tamu takardar ta zo hannu, muka karanta ta a tsanake. Duk abin da ta ƙunsa shi ne an bincika ba a sami komai a kanmu ba. Ba ta ce muna riƙon amana ba, ba ta ce muna biyan bashi ba, ba ta san yadda muke zaune da iyali da maƙwabta ba. To, mai karatu, ina shaidar hali a nan? Wanda ya wawure dukiyar jama'a bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, takardarsa za ta fito fara fat, alhali wanda ya yi kuskure sau ɗaya, ya sha hukuncinsa, ya tuba, yana iya ɗaukar tabon har kabari. Mai unguwa kan ce, "Ya yi ƙuruciya, amma yanzu ya natsu." Kundi ba ya faɗin haka.

Ba muna cewa a daina bincike ba ne. Duk wanda zai damƙa 'ya'yansa ga malami, ko dukiyarsa ga mai gadi, yana da haƙƙin ya san da wa yake hulɗa. Sai dai a 2019 aka yi dokar da ta sauya wa gidajen yarin ƙasar nan suna suka koma gidajen gyaran hali. In har da gaske gyara ake yi, yaya za a sallami mutum a ce ya gyaru, sannan a rufe masa duk ƙofar da zai nemi halaliyarsa? Wanda aka hana wa abinci ta hanyar gaskiya, an tura shi inda ya fito. Abin da ya kamata mai ɗaukar ma'aikaci ya duba shi ne irin laifin, da daɗewarsa, da ko yana da alaƙa da aikin da ake nema, sannan ya saurari mutanen da suka zauna da mai neman tun bayan fitowarsa.

Mu marubuta ma akwai namu rabon a cikin wannan magana. Littattafanmu sun saba ƙarewa a ranar da alƙali ya yanke wa mugu hukunci, jama'a su watse suna murna. Kaɗan ne daga cikinmu suka bi mutumin zuwa ranar da ya fito, ya tsaya a bakin titi da ƙullin kayansa, yana tunanin wa zai tsaya masa. Akwai labari a wurin, kuma yana jiran mai rubuta shi. Allah ya ba mu ikon rubuta shi da adalci, amin.