Na ɗauka sugan ya tafi da mabiyiya

Cikina na uku yana wata shida aka gaya min a wurin awo cewa sugana ya hau. Likita ta ce irin na masu juna biyu ne, kuma galibi yakan sauka bayan haihuwa. Ni dai “yakan sauka” na riƙe, “galibi” kuwa ta shige ta kunnen dama ta fita ta hagu. Wata uku na yi ina rage tuwo, na bar lemon kwalba, kullum da safe ina soka yatsa kafin na karya. Da na sauka lafiya aka gwada, aka ce ya daidaita. Na yi hamdala, na jefa na'urar gwajin cikin durowa.

Kafin a sallame ni nas ta rubuta a bayan katina cewa in dawo bayan sati shida a sake gwaji. Sati shida kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in. To duk wadda ta yi jego a cikin birni ta san yadda kwanakin nan suke. Inna ta taso daga Gwammaja ta tare a wurina, nan gindin Dala. Da asuba wanka, sai kunun kanwa cike da kwano, an zuba masa suga har cokali ya gaji. Kafin azahar shayi mai kauri da burodi. Masu barka kowa da katan ɗin lemo ko maltina, kuma ai ba a mayar da hannun kyauta baya. Sau ɗaya na ce, “Inna, a rage min sugan nan.” Ta ce, “Ke 'yar nan, ciwon ciki ne ya kawo shi, ya bi mabiyiya an binne. Mai shayarwa ba ta jan baki.” Gaskiya ban yi musu ba, don maganar ta yi min daɗi.

Ranar da sati shida ya cika na je asibiti kam, amma jaririya na kai rigakafi. Na koma a sati goma, na koma a sati 14. Katinta ban taɓa ɓata masa rana ba. Nawa yana ƙasan jaka.

Sai da ta kai wata tara, na kai ta allurar ƙyanda, katin nawa ya faɗo ina laluben nata. Ma'aikaciyar ta ɗauka ta juya bayansa, ta ce, “Maman Baby, wannan gwajin an yi shi?” Kunya ta kama ni. A lokacin na fi nauyin da nake da shi ina da ciki, kuma kasala ba ta sakina, amma na ɗora wa raino.

Gwajin ba irin na soka yatsa ba ne. An ce in kwana ban ci komai ba aƙalla awa takwas. Aka ɗebi jini, aka ba ni giram 75 na gulukos a ruwa na shanye, mai zaƙi har yana tayar da zuciya, na zauna awa biyu a benci aka sake ɗiba. Na farko ya nuna 6.4, na biyu 9.2. Likita ta ce da na farko ya kai 7.0, ko na biyu ya kai 11.1, da ciwon suga ne sosai. Na mai lafiya kuwa ba ya kaiwa 7.8 bayan awa biyu. “Kina bakin ƙofa,” in ji ta.

Ta yi min bayanin da na so a ce na ji tun farko. Mabiyiya tana fitar da sinadarai da ke hana insulin aiki yadda ya kamata, shi ya sa suga ke sauka idan ta fita. Nan Inna ta yi gaskiya. Amma ba kowace mai ciki sugan ke hau wa ba. Wadda ya hau wa, ciki ya tona cewa jikinta dama yana da rauni ta wannan fuska, kuma raunin ba a binne shi. Haɗarin ta kamu da ciwon suga daga baya ya ninka na sauran mata sau da yawa, kuma yana iya dawowa a ciki na gaba. Shayarwa tana taimakawa, ta ce, sai in ci gaba.

Gyaran ba sauƙi, tunda tukunya ɗaya muke ci da yara. Na koma malmala ɗaya da miya mai yawa, ko kuka ko taushe. Wake, ƙwai, kwaɗon zogale da rama sun ƙaru. Kunu ina sha, amma da tsamiya kawai. Bayan la'asar nakan goya yarinya mu taka zuwa Ƙofar Mazugal mu dawo, tun maƙwabta na tambayar ko lafiya har suka saba. Baban yara ne ke sayo tsinken gwaji, yana mitar tsadarsa, yana saye.

Bayan wata shida aka sake: 5.5 da 7.4. Likita ta ce kada in saki jiki, in riƙa zuwa duk shekara, kuma in gwada kafin in sake ɗaukar ciki.

Inna har yanzu tana ganin na rame. Amma da ta fara yawan tashi fitsari da dare, ita da kanta ta ce in zo da “abin soka yatsan nan”. Ranar Asabar zan kai mata.