Venom: aljanin Bature da mai kanti

Yau kan fim ɗin Venom na 2018 zan yi magana, wanda samarin unguwarmu ta Gangaren Tudu a nan Keffi har yanzu suke zuwa wurin masu tura finafinai a waya a saka musu. Ni ma sau uku na kalle shi a kantin Baba, lokacin da ciniki ya yi sanyi bayan azahar.

Ga wanda bai gani ba, labarin wani ɗan jarida ne a San Francisco ta Amurka mai suna Eddie Brock, Tom Hardy ne ya fito a matsayinsa. Ya saci karanta takardar sirri a kwamfutar budurwarsa lauya, ya je ya tsare wani attajiri Carlton Drake da tambayoyi, aka kore shi daga aiki, ita ma aka kore ta, ta mayar masa da zobensa. Shi attajirin ya kwaso wasu halittu daga sararin samaniya masu kama da narkakkiyar kwalta, yana gwada su a jikin marasa galihu. Ɗaya daga cikinsu ta shige jikin Eddie.

To a nan fim ɗin ya kama ni. Bature zai ce halitta ce daga wata duniya, amma duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san wannan ciwon. Mutum yana jin murya a cikin kansa, yana magana shi kaɗai a titi, zufa na karyo masa, ya ci abin da mai hankali ba zai ci ba. Akwai inda Eddie ya shiga gidan cin abinci na masu kuɗi, ya tsunduma cikin akwatin ruwan da ake ajiye manyan jatan lande masu rai, ya zauna daram yana tauna ɗanye. A garinsu Baba can wajen Maraɗi da tuni an riƙe shi an kira malami. Abin dariya ma, ƙara mai tsanani da wuta ne lagon halittar, kuma ƙarar na'urar asibiti ce ta fitar da ita daga jikinsa, har wani abokina ya ce ai ruƙiyyar Turawa ke nan. Tom Hardy ya yi ƙoƙari ƙwarai, domin muryar Venom ɗin ma tasa ce, wato shi da kansa yake cacar baki. Suna faɗa kamar mata da miji, har aljanin ya faɗa masa cewa shi ma a duniyarsu ba kowa ba ne. Marasa sa'a biyu a jiki ɗaya.

Sauran fim ɗin kam sai a hankali. Farkonsa yana da ja, ka daɗe kana jira kafin Venom ya bayyana. Attajirin ba shi da wani armashi, surutu kawai. Faɗan ƙarshe da Riot kuwa, kwalta biyu ne suke kokawa cikin dare, a fuskar waya ba ka gane wane ne wane. Kuma a littattafan zane na Marvel, inda Venom ya fito sosai a 1988, ƙiyayyar Spider-Man ce tushen labarinsa, amma a nan babu shi ko kaɗan.

Duk wannan zan iya yafewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mai kanti. Akwai wata mata, Madam Chen, mai kantin kayan masarufi a unguwarsu Eddie, kuma wani ɗan daba yana zuwa da bindiga yana karɓar kuɗinta. Da farko Eddie laɓewa ya yi bayan kanta yana kallo. A ƙarshen fim, da ɗan daban ya dawo, Venom ya fito ya cinye shi a gabanta. Ni ɗan mai kanti ne, kuma mu ma baƙi ne a garin nan, na san yadda Baba yake sassauta murya idan wani ya zo yana neman abin da ba haƙƙinsa ba. Wallahi na ji daɗi da aka cinye shi.

Amma dubi ƙa'idar da Eddie ya kafa wa aljaninsa: kada ya taɓa mutanen kirki, miyagu kawai zai ci. Da ya tambaye shi yadda ake bambancewa, amsar ba ta wuce cewa ana ji a jiki ba. Shi ke nan, aka wuce da dariya. Mu kuwa a ƙasar nan mun san inda wannan ji a jikin yake kaiwa. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16, aka cinna musu wuta. Waɗanda suka yi hakan su ma a ganinsu miyagu suka kama. Kuma galibi baƙo ne ake fara ji a jiki cewa mugu ne.

Fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa aiki, ya nuna mana ɗan daban da bindiga a hannu tun farko don kada mu yi shakka. Kuma da yake ana so yara 'yan shekara 13 su shiga kallo, ana cizge kan mutum amma ko ɗigon jini ba a nunawa. Ba gawa, ba uwar da za ta zo tana kuka, Eddie ya yi wa Madam Chen sai da safe ya fita abinsa. Ya tara sama da dala miliyan 850, aka yi na biyu a 2021, na uku a 2024, kuma a dukansu Madam Chen tana nan.